Tambaya da Amsa: Daga Ina Ruwan Famfo Yake Zuwa, kuma Yaya Ake Kula da Shi?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan makon sun shafi ruwan famfo ne, don haka muka zaɓi guda shida daga cikinsu, muka taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara tara ya tambaye ni inda ruwan famfo yake fitowa, na ce masa daga hukumar ruwa. Sai ya ce ita kuma hukumar a ina take samunsa? Na rasa amsar da zan ba shi. Ina roƙon a taimaka mini da bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron nan ya yi tambayar da manya da yawa ba su taɓa yi wa kansu ba. Hukumar ruwa ba ta ƙera ruwa. Abin da take yi shi ne ta ɗebo wanda ya sauko daga sama, ta tsaftace shi, ta turo shi gidaje. Duk yawan ruwan da ke doron ƙasa, kimanin kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai ba na gishiri ba, kuma mafi yawan wannan ɗan kason yana daskare a matsayin ƙanƙara, ta yadda abin da ya rage wa birane da gonaki kaɗan ne ƙwarai.

Wuraren ɗiba iri biyu ne manya. Na farko shi ne ruwan da ke fili, wato na koguna, tafkuna da madatsun ruwa. Amfanin madatsa shi ne ta riƙe ruwan damina har a ci moriyarsa da rani. Wannan ruwa yana da yawa kuma yana da sauƙin ɗiba, amma duk abin da aka zubar a ƙasar da ke malalowa zuwa gare shi, kama daga takin zamani da kashin dabbobi har zuwa dattin masana'antu, a cikinsa yake ƙarewa. Na biyu shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ake jawowa ta manyan rijiyoyin burtsatse. Mutane da dama suna zaton kogi ne ke gudu a can ƙasa, alhali galibi ruwan yana maƙale ne a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa da tsagogin duwatsu, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Yakan fito garau saboda ƙasa ta riga ta tace shi, sai dai yana daɗewa kafin ya sake taruwa. Idan aka ci gaba da zuƙar fiye da abin da ruwan sama ke mayarwa, ƙasar kanta tana iya lotsawa, kuma abin da ke faruwa ke nan a birnin Meziko da kuma Jakarta ta Indonesiya, inda wasu unguwanni suke nutsewa a hankali shekara bayan shekara.

Inda waɗannan biyun suka gaza, akan koma ga teku. Saudiyya da maƙwabtanta na yankin Gulf suna cire gishiri daga ruwan teku, aikin da ke cin wutar lantarki mai yawa. Wasu biranen kuma suna sake tace ruwan da aka yi amfani da shi har ya koma na sha: Windhoek, babban birnin Namibiya, yana yin haka tun 1968, Singafo kuma ta buɗe nata tsarin mai suna NEWater a 2003.

Ki gaya wa yaron cewa kula da ruwa yana farawa ne tun daga daji, kafin a kai ga matata, wato wurin da ake tsaftace ruwan. Birnin New York na Amurka yana samun mafi yawan ruwansa daga tsaunukan Catskill da yankin kogin Delaware, kuma maimakon ya gina babbar matata, sai ya ƙulla yarjejeniya da al'ummomin yankin a 1997, yana sayen filaye yana kuma tallafa wa manoma don kada datti ya shiga ruwan tun farko. Har yau yawancin ruwan birnin ba ya bi ta matatar yashi, magani kawai ake sa masa a haska shi da fitilar kashe ƙwayoyin cuta.

Tambaya: Malam, na taɓa ganin kogin da ake ɗebo mana ruwa daga cikinsa lokacin damina, jajawur da laka. Ta yaya irin wannan ruwa yake komawa fari tas?

Amsa: Malam, aikin yana bin matakai ne, kuma kowane mataki yana sauƙaƙa wa na gaba. A bakin kogi akwai raga ta ƙarfe da ke tare itace, ganye, leda da kifi. Daga nan injuna suke tura ruwan zuwa matata.

Babbar matsalar ita ce lakar da ka gani. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, kuma suna ture juna, shi ya sa ko ka ajiye ruwan kwana da kwanaki ba zai kwanta duka ba. Don haka ake zuba alif, a gauraya da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan a ci gaba da juyawa a hankali. Alif yana sa ƙwayoyin lakar su manne da juna su zama curi-curi masu nauyi. Na taɓa tsayawa a ɗakin gwaji na wata matata ina kallon yadda ake ƙayyade yawan alif ɗin da za a zuba, kuma abin ya burge ni. Ma'aikaciyar ta jera kwalabe shida cike da ruwan kogin na safiyar ranar, ta zuba wa kowace alif gwargwado daban, ta kunna injin da ke juya su tare. Bayan 'yan mintoci sai ga wasu abubuwa kamar auduga suna yawo a cikin kwalba ta uku da ta huɗu, suna haɗuwa suna sauka ƙasa, sama tana washewa, alhali ta farko tana nan ja kamar yadda take, ta shida kuma ta yi dishi-dishi saboda maganin ya yi mata yawa. Ta ce mini duk ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai ta maimaita gwajin, domin kogin jiya ba shi ne na yau ba.

Bayan haka ruwan yana shiga manyan kwatamai inda yake tafiya sannu a hankali na wasu sa'o'i, lakar ta kwanta a ƙasa, a riƙa kwashe ta, ruwan sama-sama kuma ya malala zuwa matatar yashi. Ita wannan shimfiɗa ce ta yashi mai laushi a kan tsakuwa, wani lokaci da gawayi na musamman wanda ke ɗauke wari da ɗanɗano. Idan yashin ya toshe, sai a turo ruwa da iska daga ƙasa zuwa sama a wanke shi. A ƙarshe ake sa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa akan ƙara farar ƙasa don rage tsamin da alif ya bari, saboda ruwa mai tsami yana cin bututu.

Kada a raina matatar yashi don ganin sauƙinta. A 1892 kwalara ta kashe mutum fiye da 8,000 a Hamburg ta Jamus, wadda ke shan ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba. Garin Altona da ke manne da ita yana ɗiba daga kogin guda, a ƙasa da inda dattin Hamburg ke zuba ma, amma saboda yana bi da ruwan ta cikin yashi, annobar ba ta yi masa irin wannan ɓarna ba.

Tambaya: Ruwanmu yana warin magani, musamman da sassafe. Shin wannan ba zai cutar da yara ba? Maigidana ya ce mu daina sha.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na maigida. Warin kulorin ne, kuma da gangan ake barin ɗan saura a cikin ruwan bayan ya bar matata, domin ya ci gaba da gadinsa a tsawon tafiyar da zai yi cikin bututu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada abin da zai isa bakin famfo ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita, kuma ta sa iyakar sama a miligiram 5, alhali hancin mutum yana jin warin tun adadin bai kai ko kusa da wannan iyaka ba. Gidajen da ke kusa da matata sun fi jin sa, na ƙarshen layi kuma wani lokaci ba ya isa gare su, kuma su ne suka fi ba ni tsoro. Tun da Jersey City ta Amurka ta fara sa kulorin a ruwan gari a kai a kai a 1908, wasu birane suka bi sahu, zazzaɓin taifot ya ragu sosai a waɗannan wurare. Idan warin ya dame ki, ki zuba ruwan a mazubi mai tsabta ki bar shi wasu sa'o'i, zai ragu.

Sai dai kulorin ba ya kashe komai. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna kiriftosforidiyom da ke jure masa, kuma a 1993 ta tsallake matatar birnin Milwaukee na Amurka ta sa kimanin mutum 400,000 gudawa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a dogara da mataki ɗaya tak.

Tambaya: Malam, a wurinmu ana ɗauke ruwa kwana biyu ko uku, kuma duk ranar da ya dawo sai ya fara zuwa da tari da iska, sannan ya fito ja ko ruwan ƙasa. Shin daga matata yake zuwa da datti haka, ko kuwa ina matsalar take?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a ganina nan ne mafi yawan haɗarin yake. Galibi ruwan yana barin matata da tsabtarsa, a hanya yake lalacewa.

Bari mu bi shi. Daga matata ana tura shi da injuna zuwa manyan tankuna da ke kan tudu ko kan dogayen ginshiƙai, daga can kuma nauyinsa ne ke gangaro da shi cikin manyan bututu, su rarrabu zuwa matsakaita, har zuwa siririn da ya shigo gidanka. Tsayin tankin ne ke ba ruwan ƙarfi, shi ya sa mai gida a kan tudu ko a saman bene yake riga kowa rasa ruwa. Tankunan kuma suna cika da dare lokacin da mutane ke barci, su taimaka wa injuna da safe lokacin da kowa ya buɗe famfo a tare.

To, babu wani gari a duniya da bututunsa ba sa yoyo ko kaɗan. Akwai tsaga, akwai mahaɗar da ta saki, akwai inda wani ya huda ya ja layi ba da izini ba. Muddin bututun yana cike da ruwa mai ƙarfi, ta waɗannan kafofi ruwa fita yake yi, babu abin da zai iya shiga. Asara ce, amma ba cuta ba ce. Da zarar an ɗauke ruwa, lamarin sai ya juye. Bututun ya zama fanko, ruwan da ya rage yana gangarawa zuwa kwari yana zuƙo iska a bayansa, kuma duk abin da ke kewaye da tsagar, ko ruwan kwata ne ko wanda ya tsiyayo daga masai, yana samun hanyar shiga. Ranar da aka sako ruwa, shi ne yake kwaso wannan duka, haɗe da tsatsar da ta bushe a jikin tsohon bututun ƙarfe, ya kawo maka. Tarin da kake ji iskar da ta cika bututun ce take fita. Jan launin yawanci tsatsa ce da laka, kuma su ba su ne abin tsoro ba; abin tsoron shi ne wanda ido ba ya gani, musamman da yake ɗan kulorin da ke cikin ruwan yakan ƙare wajen yaƙi da wannan datti.

Akwai abin da masu gida suke yi da ke ƙara dagula lamarin, kuma dole in faɗa ko da ba zai yi daɗin ji ba. Wanda ya haɗa injin zuƙo ruwa kai tsaye da bututun hukuma yana rage wa maƙwabtansa ƙarfi, sannan yana jawo datti cikin layin da kowa ke sha. Idan ana buƙatar inji, a bar ruwan ya zuba a tankin ƙasa tukuna, daga nan inji ya ɗaga shi sama.

Ita kuma hukumar da ke raba ruwa unguwa-unguwa da nufin ya wadaci kowa tana sayen sauƙin yau ne da wahalar gobe, domin cikawa da zubewar da bututu ke yi a kai a kai yana ƙara tsaga shi, yoyo ya ƙaru, ruwan ya ƙara ƙaranci. Na san sau da yawa rashin wutar lantarki ko ƙarancin ruwan ne ke tilasta hakan, amma ba na ganin ya dace a ɗauke shi a matsayin tsari na dindindin.

Shawarata gare ka ita ce, ranar da ruwa ya dawo ka bar shi ya zuba har ya washe, ka yi ban ruwan shuka ko wankin tsakar gida da na farkon. Wanda za a sha a wannan rana a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Idan ka ji warin kwata, ko launin ya ƙi gushewa, ka sanar da hukumar ruwa ka faɗi layin da kake, domin sau da yawa ta ƙorafin jama'a ake gano inda bututu ya fashe.

Wani abin da bututu ke iya zubawa a ruwa shi ne dalma, a tsofaffin gine-ginen da aka yi wa aikin famfo da ita. A watan Afrilun 2014 garin Flint na Amurka ya sauya wurin ɗibar ruwansa zuwa kogin Flint ba tare da sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, sai dalma ta narke ta shiga ruwan gidaje, aka ga ta ƙaru a jinin yara. Tafasawa ba ta cire dalma, ƙara tattara ta ma take yi yayin da ruwa ke ƙonewa.

Tambaya: Ruwa kyauta ce daga Allah. Me ya sa za a riƙa kawo mana takardar biya kowane wata?

Amsa: Gaskiya ne Malam, ruwan da ke kogi kyauta ne, kuma babu mai hana ka ɗiba. Abin da kake biya shi ne wutar da ta ɗaga shi zuwa tanki, alif da kulorin, albashin waɗanda ke kwana a matata, gwajin da ake yi kullum, da canjin bututun da ya tsufa. Ruwa abu ne mai nauyi: lita 1,000 tan guda ce cur, kuma a yawancin hukumomi kuɗin lantarki yana cikin manyan abubuwan da ke cin kasafi.

Inda nake tare da kai shi ne cewa mai biya yana da haƙƙin ya tambayi ina ruwan yake tafiya. Ma'aikatan ruwa suna auna bambancin da ke tsakanin abin da ya bar matata da abin da aka karɓi kuɗinsa, kuma a garuruwa da yawa wannan giɓi yana kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye, ta hanyar yoyo, sata da mitocin da suka lalace. Ana iya gyara wannan. A 1993 hukumar ruwa ta Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, tana asarar kusan kashi 72 cikin ɗari na ruwanta. Ƙarƙashin jagorancin Ek Sonn Chan aka canza bututu, aka sa wa kowane gida mita, aka tilasta wa manya da ma'aikatun gwamnati biyan kuɗi kamar kowa, har asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, ruwa kuma ya koma zuwa dare da rana. Masu farautar yoyo suna da dabara mai kyau: sukan raba gari gunduma-gunduma, su auna abin da ke shiga kowace da misalin ƙarfe biyu ko uku na dare. Idan mutane na barci amma mita tana gudu, to akwai ɓaraka, sai su fita da sandar saurare suna ɗora ta a kan bututu suna bin ƙarar ruwan har su kai wurin.

Lokacin fari kuwa aikin hukumar ya koma na rabon abin da ya rage. A farkon 2018, bayan shekara uku na ƙarancin ruwan sama, birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, ya rage ƙarfin ruwa a bututu, ya riƙa sanar da jama'a matakin madatsu kowane mako, kuma da haka aka kauce wa rufe famfuna har damina ta sauka.

Tambaya: Na gaji da jiran ruwan hukuma, na haƙa rijiyar burtsatse na sa tanki. Ruwan fari ne tas, ba wari. Shin ina buƙatar yin wani abu kuma?

Amsa: Alhaji, ranar da ka haƙa rijiyar nan ka zama hukumar ruwa ta gidanka, kuma duk aikin da muka lissafa a sama ya dawo wuyanka. Farin ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ce. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyi don kuɓutar da mutane daga ruwan kududdufi, sai a shekarun 1990 aka gano cewa da yawa daga cikinsu suna ɗauke da gubar arsenik daga cikin ƙasar kanta, wadda ba ta da launi, wari ko ɗanɗano. A wasu yankunan kuma sinadarin fuloraid ne ke yin yawa har ya ɓata haƙora da ƙasusuwa. Ka kai samfurin ruwan ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin cuta da sinadarai, sannan ka maimaita gwajin ƙwayoyin cutar aƙalla sau ɗaya a shekara da kuma bayan kowace ambaliya. Ka duba nisan rijiyar da ramin masai, naka da na maƙwabta, ka tabbatar an dafe bakinta da siminti yadda ruwan sama ba zai gangara ciki ba.

Shi ma tankin yana buƙatar murfi mai rufuwa sosai, da raga a bakin bututun iska don kada sauro, ƙadangare ko tsuntsu su shiga, kuma a zubar da ruwansa a wanke shi kamar sau biyu a shekara. Idan har yanzu layin hukuma yana shigowa gidan, kada ka haɗa shi da na rijiyar a bututu ɗaya, domin ranar da aka ɗauke ruwan hukuma naka zai iya komawa cikin layin unguwa.